Amsa: Wane faifai zan fara da shi?

Malam, ka ce kunnenka ya saba da garaya da kalangu, kana son shiga blues da jazz da rock amma ba ka san ta inda za ka kama ba. To, ga abin da na saya kwanan nan a Jazzhole, shagon faifai da ke titin Awolowo a Ikoyi, nan Legas.

Fara da Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, na 1994. Masu sayarwa kan sa shi a layin blues, ya kuma ci lambar yabo ta Grammy, amma Bahaushe na jin jitar nan zai rantse gurmi ne aka jona wa lantarki. Wani dattijo maƙwabcinmu a Agege, wanda ko kallo kiɗan Turawa bai ishe shi ba, sai da ya leƙo ya ce, "Ɗana, wannan Bazabarme ne?" Kusan ya canka, don Ali Farka Touré mutumin Niafunké ne a Mali, a faifan kuma yana waƙa da harshen Songhai, ɗan'uwan Zabarmanci.

A jazz, nemi Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, amma kada ka kunna shi cikin danfo, bas ɗin haya ta Legas, hayaniya za ta cinye shi. Bari sai dare, an kashe janareta. Ni dai busar John Coltrane, mai saksofon a faifan, ta fi kama ni.

A rock kuwa, Band on the Run bai burge ni ba. Paul McCartney ya naɗi yawancinsa a situdiyon EMI na Apapa a 1973, amma ba ka jin Legas a ciki ko kaɗan. In rock ɗin garin nan kake so, nemi Try and Love na ƙungiyar Ofege, ɗaliban makarantar St Gregory's ta Obalende a lokacin.