Ƙanina ya faɗi yana jijjiga, aljanu ne ko tramol?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanina ne, shekarunsa 19, yana haya da moto, wato babur, a nan Garwa. Makon jiya muna cikin cin tuwo kawai ya kife yana jijjiga kumfa na fita a bakinsa. Inna ta ce aljanu ne a kai shi wurin malam, amma ni da nake masa wanki na tsinci fakitin tramol a aljihun wandonsa an rubuta 225. Na yi niyyar in zubar da su duka in sa Baba ya kulle shi a ɗaki har ya daina. Dan Allah me kika gani?
Daga 'yar'uwarki a Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi wasiƙarki ta taɓa ni don na ga irin wannan da idona, yaro yana tsaye a bakin kasuwa sai ka ji tim a ƙasa.

Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, ɗan gidan su mofin ne. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ƙwaya ɗaya, kuma ko babba ba a so ya wuce 400 a yini. To ki lissafa, 225 guda biyu sun riga sun zarce, yaran nan kuwa wani ya jefa uku a shayi da safe wai don kar ya ji gajiya ko zafin rana. Idan ya yi yawa a jiki yana kawo irin wannan farfaɗiyar da kika gani, yanzu ki yi tunanin da a kan moto ta kama shi a gadar Binuwai da fasinja a baya. In kuma yana haɗawa da bilbil, wato burkutu, ko giyar leda to abin ya fi muni, numfashi ne ke raguwa har mutum ya kwanta bai tashi ba.

Amma kar ki zubar da su lokaci guda, kar kuma a kulle shi. Jikin da ya saba in aka yanke masa kwatsam zufa ce da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci, ƙarshe ya ɓalle ƙofa ya koma ya sha fiye da da. Ku kai shi asibiti, ki tafi da fakitin ki nuna wa likita, a hankali ake rage masa. Addu'ar Inna a ci gaba da ita, ba ta hana zuwa asibiti.

In ya sake faɗuwa ku kwantar da shi ta gefe, ku janye wuta da tukunya daga kusa da shi, kar a tura cokali a bakinsa kar a ɗura masa ruwa. In jijjigar ta wuce minti 5 ku ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Sannan ki samu lokacin da ku biyu ne kawai ki tambaye shi nawa mai moton ke karɓa a hannunsa kullum, kuma awa nawa yake yi a kan titi. Ya ajiye moton tukuna har likita ya gan shi, ko da ku ne za ku haɗa masa kuɗin 'yan kwanakin.