Tambayi Likita: Yaran Da Gudun Hijira Ya Taso Da Su

*Likita, mun baro gida ba shiri, katin rigakafin 'yata ya ɓata a hanya. Watanta 11. Sai an faro daga farko? Wata uwa, Mora, Kamaru.*

A'a, 'yar'uwa. Ki kai ta asibiti mafi kusa, ki faɗi abin da kika tuna an yi mata, za su buɗe sabon kati su ɗora daga nan. Ko an maimaita wata allurar ba ta cutarwa, kuma rigakafin yara kyauta ne. Ta ƙyanda ce ta fi damuna: a wata 9 ake yin ta, kuma inda mutane suka cunkushe ƙyanda ba ta jira. Kada a kai mako mai zuwa.

*Ɗana shekararsa 2 da rabi, bai fara magana sosai ba. A gida Hausa muke yi, maƙwabta Fulatanci, yayyensa kuma Faransanci daga makaranta. An ce harsunan ne suka rikita shi, mu daina yi masa Hausa. Wani magidanci, Marwa.*

Malam, kada ku daina. Yawan harsuna ba ya hana yaro magana, in ba haka ba da rabin yaran Marwa bebaye ne. Ku ƙirga kalmominsa na duka harsunan a haɗe. Yaro mai shekara 2 ya kamata yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo". In bai kai nan ba, ko ba ya juyowa in an kira shi ta baya, a kai a duba kunnensa, balle in ya taɓa yin sanƙarau ko kunnen na zubar da mugunya.

*Jikana ne, shekararsa 4. Tun daren da aka kai hari ƙauyenmu bara muka gudo, yaron ya canja. Yana zabura cikin barci da ihu, ya koma fitsarin kwance, in ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin zanen uwarsa. Mutane sun ce iska ce. Mun yi masa hayaƙin barkono, kuma mai tallar magani ya ba mu wata 'yar ƙwaya, in ya sha rabi sai ya yi barci har safe. Uwar ma ba ta magana, yini take a zaune. Wata kaka, Mokolo.*

Inna, Allah ya ba ku haƙuri da abin da kuka gani. Amma ƙwayar nan, don Allah a nuna wa ma'aikacin asibiti ita yau, da ledarta. Irin waɗannan da ake sayarwa a faranti yawanci maganin sa barci ne na manya, kamar baliyam. A jikin ƙaramin yaro yana rage numfashi, yana sa jiki ya saki har yaro ya shaƙe da aman kansa. Wannan ba barci ba ne, dusashewa ce. In ya daɗe yana sha, kada ku yanke shi farat ɗaya da kanku, a asibiti za a nuna muku yadda za a janye. Ni har yau na kasa gane yadda mutum zai ɗauki ƙwayar da ke kwantar da ƙato ya miƙa wa yaro ɗan shekara 4, ya karɓi kuɗi, ya tafi gida ya yi barci.

Hayaƙin barkono kuwa, yaron da ya tsere wa hayaƙin gidansu da aka ƙona, a danne shi a lulluɓe shi da bargo a tura masa wani hayaƙin? Yana ƙona maƙogwaro da huhu, yana ƙara masa tsoron da ake son cirewa. A bari. Addu'a ku yi masa, ku tofa, ku shafa masa, ba ni da ja da wannan. Abin da zai shaƙe shi ne na hana.

Abin da ke damun jikanki firgici ne. Ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko tana ginuwa da sauri fiye da kowane lokaci na rayuwa, kuma abin da ta gani da shi take gini. Wanda ya ji harbi cikin dare, jikinsa ya koyi zama cikin shirin gudu, ko da an iso inda ake lafiya. Fitsarin kwance, liƙe wa uwa, komawa halin jarirai, duk daga nan suke. Ba rashin kunya ba ne, kada a doke shi, kada yara su yi masa waƙar amalala.

Maganinsa yana hannunku. Lokacin cin abinci ɗaya kullum, wurin kwanciya ɗaya, mutum ɗaya da zai buɗe ido ya gani. In ya zabura, a rungume shi, a ce masa "ga ni, babu komai, muna Mokolo." Kada a fita a ɓoye a bar shi, a gaya masa za a dawo, kuma a dawo ɗin. Tatsuniya da dare, Inna, wannan aikinki ne. A bar shi ya yi wasan ƙasa da sa'o'insa. In kin ga yana wasan bindiga da kara ko yana zana wuta a ƙasa, kada ki tsawata, da haka yake fitar da abin da bakinsa ya kasa.

Kada ku raina wasa. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, cikin shekarun 1980, an ɗauki yaran da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi su, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100. Gwangwani da tsakuwa da bakin uwa, shi ke nan jarin.

Shi ya sa maganar uwar ta fi tsaya mini a rai. Binciken da ake yi kan iyalan da suka yi gudun hijira yana yawan komawa wuri ɗaya: yaro yana warkewa ne gwargwadon halin mai renonsa. Matar da ta yini ba ta magana ba lalaci take ba, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki kai su su biyun asibiti, ki tambayi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, kusa da Mokolo, da garuruwan kewaye akwai ma'aikatan wannan fanni. In ta taɓa cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi ranar.

Abu ɗaya kuma: in zaburar ta zo da zazzaɓi, sandarewar wuya, jijjiga ko juyewar ido, wannan ba firgici ba ne. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

*Jaririyata tana yawan amai, wanzami ya ce a cire mata beli. Wata uwa, Kusiri.*

Kada a taɓa! Beli halitta ne, kowa da nasa, ba ya sa amai. Abin da askar ke kawowa shi ne zubar jini, tsinkau-tsinkau da ƙin kama nono. A ci gaba da nono zalla har wata 6, a kawo ta a duba aman.

*An ba ƙaramin ɗana abincin tamowa na leda, Plumpy'Nut. Yayyensa ma yunwa suke ji, sai nake raba musu. Laifi ne? Wata uwa, Garwa.*

Na san tukunyar ba ta isa, ba na zarginki. Amma wannan magani ne, an auna shi da nauyin yaron da aka ga kaurin damtsensa ya faɗa kan launin ja a igiyar awo, wato ƙasa da santimita 11 da rabi. In aka raba, shi ba zai tashi ba, su ma ba za su ƙoshi ba. Ki kai yayyen a auna su su ma. In ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin ledar, ko gudawa ta kama shi, ki koma asibiti ranar, kada ki jira ranar awo.