Na'urar hannu kaɗai ba ta isa auna wari ba

Malam, kana tambaya ko ƙaramar na'urar auna gas ta hannu za ta tabbatar da warin wurin da ake sarrafa kashin shanu zuwa gas ɗin girki a bayan unguwarku. Gaskiya ba za ta isa ba. Galibinsu ba sa nuna iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ta gaza 0.1 ppm (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan na iskar wurin), alhali hanci yana jin ta tun ƙasa da 0.01. Sai na'urar ta nuna sifili, kai kuwa ka toshe hanci. A Turai, bisa ƙa'idar auna wari mai suna EN 13725, ana ɗura iskar wurin a jaka, a kai ɗakin gwaji cikin awa 30, a riƙa surka ta da iska mai tsabta, zaɓaɓɓun mutane suna sunsunawa.

Abin da na lura da shi a aiki shi ne lokaci. Da asuba, iska ta kwanta, warin ke taruwa a ƙasa, don haka ku riƙa rubuta lokaci da inda iska ta nufa. In kana bakin ramin da ake zuba kashin, sai warin ya ɓace kwatsam, bar wurin nan take, domin daga wajen 100 ppm iskar tana kashe jin wari.