Rim ɗin alminiyam na keken tsere: wace taya ce za ta dace da shi?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce keken tserenka yana da rim na alminiyam mai ɗauke da rubutun 622x15C, kana hawa da taya mai faɗin milimita 23, kuma kana son komawa ta 28 ko ta 32, in da hali ma ka daina sa tif gaba ɗaya. Ta 28 za ta zauna lafiya muddin firam da birki sun ba ta wuri. Ta 32 ma rim ɗin zai riƙe ta, amma ba na tsammanin za ka ji daɗinta. Batun cire tif kuwa, ina roƙonka kada ka gwada shi a kan wannan rim.

Rubutun da ka gani ma'auni ne na ƙungiyar ETRTO ta masu ƙera taya da rim a Turai, kuma shi ne ƙa'idar ISO 5775 take bi. Lambar 622 faɗin da'irar da bakin taya yake zama a kanta ne a cikin milimita, wato girman da ake kira 700C, kuma a nan babu sassauci ko kaɗan. Tsofaffin kekuna masu inci 27 nasu 630 ne, 650B kuma 584, don haka duk tayar da za ka saya dole ne lambarta ta ƙare da 622, kamar 28-622. Lambar 15 ita ce tazarar da ke tsakanin leɓɓan rim biyu daga ciki, harafin C kuma yana nuna cewa leɓɓan suna da ƙugiya, wato ɗan lanƙwashin da ke kama bakin taya. Masu saye da yawa faɗin waje suke dubawa saboda shi ido ke gani, alhali na ciki ne yake tsara siffar da taya za ta ɗauka idan ta sha iska.

Tsohon jadawalin ETRTO ya yarda a sa taya daga 23 har zuwa 32 a kan rim mai 15, saboda haka 32 ba ta saɓa wa ƙa'ida ba. Abin da na gani a hannu shi ne dalilin da ya sa ba na ba da shawararta. Idan aka ɗora faffaɗar taya a kan siririn rim, gindinta yakan matse, cikinta ya buɗe, ta yi siffar ƙwan lantarki. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka lura da komai ba. Amma amfanin faffaɗar taya shi ne a rage mata iska don ta shanye gargada, kuma da zarar ka rage, ka shiga kwana da gudu, za ka ji bayan keken yana ɗan karkacewa kafin ya biyo ka, domin gefen tayar ba shi da madogara. Sai ka koma ka ƙara iska don maganin wannan, daɗin da ka sayi tayar dominsa ya tafi. Da 28 matsalar ba ta kai haka ba, an kuma daɗe ana hawa da ita a kan irin rim ɗinka.

Kafin ka biya kuɗi, auna sararin da ke tsakanin tayarka ta yanzu da fok, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, da ƙarƙashin birki, da ƙafafun firam biyu na baya kusa da fedal. Keken da aka ƙera a zamanin taya 23 sau da yawa 25 ce iyakarsa. Ka bar aƙalla milimita 4 ta kowane gefe, domin wili yakan ɗan lanƙwashe idan ka miƙe tsaye kana taka fedal, kuma tsakuwar da ta manne a taya tana buƙatar hanyar wucewa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba wanda ya fi damuna, shi ne shekarun rim ɗin. Ana yin rim na alminiyam ne ta hanyar ɗumama ƙarfen, galibi nau'in 6061 ko danginsa, a tura shi ta cikin wani ƙwarami ya fito doguwar sanda mai siffar da ake so, sannan a yanka, a naɗe ta da'ira, a haɗa bakin biyu da walda ko da ɗan ƙarfe da ake cusawa ciki, daga ƙarshe a goge gefen da robar birki take kamawa. Wannan gefen shi ne kuma bangon da yake riƙe ƙugiya, ita kuma take riƙe taya. Duk lokacin da ka matse birki, musamman a cikin ruwa da yashi, kana cin wannan bango ne kaɗan-kaɗan. Ɗauki rula ka ɗora gefenta a tsaye a kan wurin birkin, ka ɗaga wilin wajen haske. Idan haske yana ratsawa ta tsakiya, bangon ya rarake. Wasu rim suna da ɗan rami ko tsagi da aka yi don wannan, kuma ranar da ya shafe, aikin rim ya ƙare. Na taɓa riƙe wanda ya tsage a hannuna: leɓen ya ɓalle ya yi waje tsawon tafin hannu, bakinsa da kaifi, tif ɗin kuma ya fashe nan take. Dalilin kawo wannan a nan shi ne, a iska iri ɗaya, faffaɗar taya ta fi siririya jan bangon rim. Wanda ya saba bugawa 23 iska har 110 psi, in ya sa 28 ya buga mata haka, ya ƙara wa rarakakken bango nauyi. Rage iskar sosai, kuma ka bi mafi ƙanƙanta tsakanin iyakar da aka rubuta a taya da wadda mai rim ya bayar.

Yanzu batun tubles, wato hawa da taya ba tare da tif ba. Kamfanin Mavic ya fito da tsarinsa na tubles mai suna UST don kekunan daji a 1999, Shimano da Hutchinson kuma suka kawo tubles kekunan titi a 2006. Abin da ya bambanta rim ɗin tubles ba toshe ramukan sufok kawai ba ne. Cikinsa yana da kwari a tsakiya, sannan da dandamali biyu a gefe waɗanda aka auna da'irarsu daidai, galibi da ɗan tudu da ke hana bakin taya zamewa ya koma tsakiya. Rim ɗinka ba shi da wannan siffa, an ƙera shi ne da nufin tif ya riƙa danna bakin taya cikin ƙugiya. Masu kekunan daji sukan naɗa tef a tsohon rim su ci nasara saboda iskarsu kaɗan ce. A keken titi iska ta ninka tasu, kuma idan bakin tayar gaba ya kuɓuce kana gangara, iska duka take fita a lokaci guda. Ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba.

Idan har 32 da tubles ne burinka, kuma firam ya yarda, sayi rim da aka rubuta masa cewa na tubles ne, mai faɗin ciki 19 zuwa 21. Tayoyin yanzu masu 25 zuwa 28 a kan rim mai 19 ake auna su, shi ya sa a kan naka 28 za ta iya fitowa ƙasa da abin da aka rubuta, a kan mai 21 kuma ta ɗan zarce. Kowace milimita ɗaya da aka ƙara a cikin rim tana ƙara wa taya kusan milimita 0.4, kuma wannan ya shiga lissafin sararin firam. Za ka ci karo da rim marasa ƙugiya, yawancinsu na kabon ne, iyakar iskarsu a ƙa'idar ETRTO bar 5 ce, wato 72.5 psi, kuma tayar tubles da aka amince da ita kaɗai suke karɓa. A alminiyam ƙugiya tana fitowa ne tun daga ƙwarami ba tare da ƙarin wahala ba, don haka mafi yawansu suna da ita, kuma ni ina ɗaukar wannan babbar fa'ida ce, tunda kusan kowace taya za ta hau da tif, ta tubles kuma ko babu shi. Ka tabbatar kuma yana da wurin kamun robar birki, domin rim da aka yi don birkin faifai ba shi da shi, bai kuma halatta a matse shi da roba ba.

Kukan da aka fi yi da sababbin rim shi ne taurin sa taya, kuma sau da yawa laifin tef ne. Tsohon tef na yadi mai kauri yana cike kwarin tsakiya, sai a rasa rarar da taya za ta samu ta haye leɓe. Yi amfani da siririn tef na tubles wanda ya ɗan fi cikin rim faɗi da kamar milimita 2, ka ja shi da ƙarfi ya kwanta cikin kwarin. Wajen sa taya, fara daga gefen da ya fi nesa da bawul, ka riƙa tura bakin tayar cikin kwari da manyan yatsunka kana zagayowa ta ɓangarori biyu, ka ƙare a wajen bawul. Bayan ka buga iska, juya wilin a hankali ka duba siririn layin da ke jikin taya kusa da rim, ya kasance ya fito daidai a duk zagayen ta gefe biyu. Inda ya nutse, bakin bai hau ba, sai ka sace iskar, ka shafa ruwan sabulu, ka sake bugawa. In za a ɗaura sabon rim ɗin a kan tsohon hob ɗinka ne, wato cibiyar wilin, a sake lissafin tsawon sufok, domin zurfin rim ya bambanta, sannan a sassauta wayar birki a daidaita robobin da sabon faɗin.