Inhela shuɗiya kaɗai ta isa? Amsoshin tambayoyinku kan maganin shaƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya daɗe yana fama da asma. Likita ya rubuta masa inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa. Shuɗiyar da ya shaƙa sai numfashi ya buɗe, ɗayar kuwa ya ce ba ya jin aikinta, don haka ya daina sayenta. Yanzu kusan duk wata sai ya ƙarar da shuɗiya guda. Akwai laifi a haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai laifi, kuma ina roƙonki kada ki bari maganar ta kwana. Wadda ya ajiye ita ce ke maganin ciwon.

Shuɗiyar, wadda galibi salbutamol ke cikinta kamar Ventolin, sassauta tsokokin da suka shaƙe hanyoyin iska take yi. Cikin 'yan mintuna sai ƙirji ya saki, amma bayan awa 4 zuwa 6 aikinta ya ƙare. Ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin, wanda shi ne tushen asma. Mai ruwan ƙasar, da ke ɗauke da maganin sitiroid irin beclometasone ko budesonide, ita ke kwantar da kumburin, a hankali, cikin kwanaki zuwa makonni. Shi ya sa bai ji komai ba ranar da ya shaƙa. Mai dogaro da shuɗiya kaɗai tamkar mai kwashe ruwa daga ɗaki ne alhali rufi na ci gaba da yoyo.

Ki yi lissafi da kanki. Gwangwanin salbutamol ɗaya fesawa 200 ne. Wanda ke ƙarar da shi a wata yana fesa shida ko bakwai kowace rana. Masana asma na ɗaukar gwangwani 3 ko fiye a shekara a matsayin alamar haɗari, shi kuwa ya doshi 12, adadin da aka danganta da ƙaruwar mutuwa sanadin asma. Tun 2019 hukumar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar baligi a kan salbutamol zalla. Abin da ya fi tayar mini da hankali da irin maigidanki shi ne sauƙin da yake samu na rufe masa ido, har ranar da zai fesa ya sake fesawa ƙirji ya ƙi saki.

Ku koma wurin likita tare, da inhelar duka biyu a hannu. Idan riƙe biyun ne ke masa nauyi, ku tambaya ko zai dace da wadda ta haɗa budesonide da formoterol a gwangwani ɗaya, mai buɗe numfashi da sauri tana kuma kwantar da kumburi. In tsoron sitiroid ne ya hana shi, ki kwantar masa da hankali: ɗan kaɗan ne, kuma huhu yake nufa kai tsaye, ba kamar ƙwayar prednisolone da ke zagaya jiki duka ba. Ya dai kurkure baki ya tofar bayan kowace shaƙa, don gudun farin ƙurajen baki da dishewar murya. Wajen saye kuma ki karanta sunan maganin, domin launi na bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Duk ranar da ya kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, ko leɓɓansa suka canja launi, asibiti kawai, ba jira.

Tambaya: Mahaifina ya haura saba'in, likitoci sun ce yana da COPD, ciwon huhu mai daɗewa da ke toshe hanyoyin iska. Hannunsa na rawa, in ya fesa inhela rabin maganin a waje yake tashi. In saya masa nebulaiza, injin da ke mayar da magani tururi a shaƙa, ko in canja masa zuwa inhela mai garin magani?

Amsa: Malam, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da kulawar da kake yi. Kafin ka kashe kuɗi a kan injin, fara sayen sifesa. Bututun roba ne da ake cusa inhela a gefe ɗaya, a sa baki a ɗayan. Maganin na tsayawa a ciki na ɗan lokaci, don haka ba sai dannawa da jan numfashi sun zo daidai ba, kuma kai ma kana iya danna masa. A girgiza inhelar, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali ya riƙe kamar daƙiƙa 10, ko ya yi numfashi huɗu ko biyar ta cikin bututun. Fesawa ɗaya-ɗaya, kada a tara biyu. Ga yawancin masu ciwon, inhela da sifesa na yin aikin da nebulaiza ke yi, ba tare da neman lantarki ko wanke sassa bayan kowane amfani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce sifesar da aka yi da robar ruwa mai mililita 500 na iya aiki kamar ta kamfani.

Mai garin magani kuwa ƙarfin zuƙa take so, da sauri da zurfi, abin da huhun dattijo mai COPD ba kullum yake iyawa ba. Sai likita ya gwada shi tukuna. Ka kuma tambaya ko an ɗora shi a kan magani mai dogon aiki irin tiotropium, da ake shaƙa sau ɗaya a rana. Kada ka ara masa inhelar sitiroid ta wani mai asma, domin a COPD tana iya ƙara haɗarin nimoniya, ba kowa ake ba ba. In har yanzu yana shan taba, barinta ya fi duk abin da za ka saya masa.

Tambaya: Yaya zan gane inhelata ta ƙare? Tana fesawa, amma ba na jin sauƙi.

Amsa: Mai yiwuwa iskar tura magani ce kawai ta rage, domin tana ci gaba da fita bayan magani ya ƙare. Jefa gwangwani a ruwa don a ga ko zai taso ba gwaji ba ne, yana ma iya toshe bakinsa. In da hali ki sayi mai ƙirgen fesawa a jiki, in babu ki rubuta ranar da kika fara amfani da ita ki riƙa ƙirgawa. Idan kin buɗe sabuwa kuma sauƙin bai zo ba, mai yiwuwa ciwon ne ya tsananta, ki ga likita a ranar.