Tankin ruwan teku a Yamai: jatan lande da ciyawar teku za su jure zafinmu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Yamai, shekara uku ke nan ina kiwon ƙananan kifayen ado a tankin gilashi da ruwan famfo. Yanzu sha'awata ta koma kan ƙaramin tankin ruwan teku, kamar lita 30, ba don kifi ba, sai don jatan lande, dodon koɗi, ƙaguwa da ciyawar teku mai launi. Gishirin kasuwa ko na Bilma zai yi? Me zan fara saya, kuma me ya fi kashe su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin yana yiwuwa, amma ba gishiri ne zai fara ba ka wahala ba, zafi ne. Halittun da ake sayarwa don irin wannan tanki daga tekunan murjani suke fitowa, inda ruwa ke zama tsakanin digiri 24 da 27. Idan ya wuce 29 ya kwana biyu a haka, sai dodon koɗi ya fara sakin gilashi yana faɗowa. A 32 mutuwa ce. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, alhali a lokacin ne jikinsu ya fi bukatar ta. Kai kuma ka san bazarar Yamai, Afrilu da Mayu sama da digiri 40 a inuwa.

Don haka kafin ka kashe ko dala, cika bokiti da ruwa ka ajiye shi daidai inda tankin zai zauna, ka saka ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da la'asar har mako guda a tsakiyar bazara. In ya haura 29, ɗakin yana bukatar kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko kuma na'urar sanyaya ruwan tanki. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 4, kuma busasshiyar iskarmu tana taimaka mata ƙwarai, sai dai da zarar damina ta kawo laima ƙarfinta ya ragu. Gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, ta gaggawa ce kawai, domin sanyi da zafi suna ta musaya ya fi tsayayyen ɗumi lahani. A Disamba da Janairu kuma lamarin juyewa yake: ka tanadi hita mai wat 50 mai kashe kanta, ka saita ta a 25.

Lita 30 ta yi kaɗan ga mai farawa a nan. Ka nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54, da gilashi mai kaurin milimita 6. In masu aikin gilashi za su haɗa maka, ka tsaya a kansu kan silikon: wanda ake liƙa banɗaki da shi yana ɗauke da maganin fumfuna, guba ne. Teburin kuma ya iya ɗaukar kilo 80.

Gishirin girki, na Bilma da kanwa duk ka bar su a kicin. Ruwan teku ba sodiyam kulorayid kaɗai ba ne. Akwai magniziyam, kalsiyam, fotasiyam, salfet da kabonet, kowane da gwargwadonsa, kuma da kalsiyam da kabonet ɗin ne dodon koɗi ke gina gidansa. Abin da ake amfani da shi haɗaɗɗen gishirin tanki ne, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin. Ana zuba kimanin giram 38 zuwa 40 a kowace lita, gishiri cikin ruwa ba ruwa kan gishiri ba, a bar famfo yana juya shi kwana ɗaya, sannan a auna. Lambar gishirin da kake nema 35 cikin dubu, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Ka sayi rifiraktomita, ƴar na'urar da ake ɗiga ruwa a kai a leƙa. Ma'aunin roba mai allura kumfa ɗaya ke sa shi ƙarya. Ka lissafa gishirin shekara ka saye shi gaba ɗaya, tunda teku mafi kusa da kai tana wajen Kwatano da Lome, tafiyar kusan kilomita 1000 a mota, kuma ɗibar ruwa a bakin gaɓar birni ba dabara ba ce.

Shi kansa ruwan, kada ka haɗa da na famfo. Kifayenka na yanzu suna jure shi, waɗannan ba za su jure ba: akwai kulorin, kuma yana iya ɗauko fosfet, silika da tagulla daga bututu. Tagulla ko ƴar kaɗan tana kashe duk wani mai ɓawo. Ana son ruwan da ya bi ta matatar RO, mai cire gishiri da sinadarai, kuma ƙaramin ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna kusa da sifili, ƙasa da 10 dai. Ruwan leda wani tatacce ne wani ba haka ba, sai ka auna. Ruwan da ke ɗiga daga kilim yana da ruɗi, ga shi garau kuma kyauta, amma ta kan ƙarfe da ƙura ya biyo, kada ka kusanto da shi.

Ga inda akasari ake asara. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Bayan ka saka dutse da yashi, ruwan tankin zai kai kamar lita 45. In fanka ta shanye lita 2 a yini, gishirin ya tashi daga 35 zuwa 36.6, ka yi tafiyar kwana uku, ya haura 40. Kifi kan daidaita ruwan jikinsa, amma jatan lande da dodon koɗi jikinsu bin ruwan da ke kewaye da su yake yi, shi ya sa tsalle irin wannan ke kashe su. Ka yi alama da alƙalami a gilashi daidai bakin ruwa, kullum safe da yamma ka cike zuwa alamar da tataccen ruwa marar gishiri. Ruwan gishiri sai lokacin canji, kashi 10 cikin 100 kowane mako, wato lita 4 zuwa 5.

Dutse kilo 4 zuwa 6 mai ramuka da yawa, yashin aragonayit, irin na murjani, kaurin santimita 2 zuwa 3. Dutsen shi ne matatar, a ramukansa bakteriya ke zama. Jar marmara ba ta yi. Farar ƙasar Adar, irin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, asalinta daga tsohuwar teku ce, kuma tana kumfa in an ɗiga mata ruwan khal, alamar kabonet ke nan. Sai dai yankin Tawa yana da fosfet a ƙasa, don haka ka jiƙa dutsen mako biyu a tataccen ruwa ka auna fosfet ɗin. In ya hau, ka haƙura ka sayi busasshen dutsen murjani.

Famfon motsa ruwa ya riƙa juya lita 500 zuwa 1000 a awa, yana kaɗa saman ruwan. Wutar da yake ci ba ta wuce wat 10 ba, saboda haka ka ɗora shi kan batir ko sola tun ranar farko. Fitila tana iya mutuwa kwana biyu ba komai, amma ruwa mai ɗumi da ya tsaya cak ƴan awoyi cikin dare ya isa ya shaƙe komai.

Daga nan sai haƙuri. Ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, ka ƙara bakteriyar kwalba ta ruwan teku. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya, sannan naitiret ya bayyana, cikin mako 4 zuwa 6. Sai na farko da na biyu sun koma sifili za ka saka mai rai. Wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi a tsakani, da kanta take wucewa.

Ciyawar ce za ta fara shiga. Chaetomorpha, mai kama da curarren zaren fatsa, ita ce mafi juriya, ko da yake ba ta da kyan gani. Gracilaria ja ce mai rassa, ana ɗaure ta a dutse da zare. Halimeda kamar jerin tsabar kuɗi take, tana shan kalsiyam sosai, sai kana aunawa: miligiram 400 zuwa 450 a lita, alkaliniti kuma, wato yawan kabonet, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Caulerpa ta fi kowa kyau da saurin yaɗo, amma tana da hali: in ta cunkushe ko abinci ya ƙare, sai ta yi fari cikin dare ta zubar da abin cikinta, ruwa ya gurɓace, oksijin ya faɗi. Ka riƙa rage ta duk mako biyu, reshen da ya fara kodewa ka cire shi nan take. Danginta ne, Caulerpa taxifolia, aka gano a tekun Bahar Rum kusa da Monako a 1984, ta mamaye gaɓoɓi masu yawa. Farar fitilar LED ta 6500K, awa 8 zuwa 10 a yini, ta wadatar. Kuma kada ka nemi naitiret sifili, abincin ciyawar ke nan: miligiram 5 zuwa 10 a lita ya yi, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Ciyawar da ke kodewa ba tare da zafi ba, yunwa take ji, sau da yawa ta sinadarin ƙarfe.

Dabbobi, kaɗan-kaɗan, mako biyu tsakanin kowane rukuni. Dodon koɗin Trochus uku, domin yana iya juyowa in ya faɗi rigingine, abin da Astraea ba ya iyawa, Cerith huɗu, Nassarius biyu masu nutsewa cikin yashi su fito in sun ji ƙanshin abinci. Jatan lande Lysmata amboinensis guda biyu, masu jan baya da farin layi. Ƙaguwa mai aron koɗi biyu sun isa, ka zuba musu koɗin da ba kowa ciki masu girma daban-daban, in ba haka ba za su kashe dodon koɗinka don gidansa. Bushiyar teku da babban dodon koɗin Turbo za su cinye ciyawar da ka sha wahalar nema. Tauraron teku da anemoni, dabbar nan mai kama da fure, kuwa ba na sabon ƙaramin tanki ba ne, kome daɗin bakin mai sayarwa. Abinci sau biyu ko uku a mako, abin da za su cinye cikin minti biyu.

In gwajin bokitin ya nuna maka sama da 29 kuma ba ka da halin kilim, akwai ɗan jan jatan landen Hawai, Halocaridina rubra, da ke zama a ruwa mai rabin gishiri, kusan 1.010. Ba ya bukatar famfo, ya fi sauran jure ɗumi, yana shekaru da yawa, kuma Chaetomorpha tana rayuwa tare da shi.

Abu ɗaya da littattafan waje ba su cika ambata ba, mu kuwa kullum muna tare da shi: maganin sauro. Na feshi da na ƙonawa yawanci sinadarin fayiretiroyid ne, jatan lande da ƙaguwa kuma dangin ƙwari ne na kusa, abin da ke kashe sauro yana kashe su. Ka sanar da iyali cewa ba a feshi a ɗakin nan, gidan sauro ya maye gurbinsa. Man shafawa, turare da sabulu a hannu ma haka suke, ka ɗauraye da ruwa zalla kafin ka tsoma. Lokacin hunturu ka rufe saman da raga mai laushi, ka riƙa sauya audugar tacewa duk kwana uku saboda ƙura.

Ka yi odar dabbobin tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kada su dahu a hanya. In sun iso, ka juye su da ruwan ledarsu a roba, ka sayo sabon tiyon ƙarin ruwa a farmasi, ka saita shi ɗigo biyu zuwa uku a daƙiƙa daga tankin, har ruwan robar ya ninka sau uku, kamar awa ɗaya ke nan. Sannan ka ɗauki dabbar kaɗai ka saka, ruwan robar ka zubar. Bayan ƴan kwanaki in ka tarar da jatan lande kwance, fari fes, fanko, kada ka yi saurin salati: saɓa ya yi kamar maciji, shi yana bayan dutse yana jiran sabon ɓawonsa ya yi tauri. Ka ƙirga su da dare da tocila kafin ka yanke hukunci.