Amsar Kawu a kan Riƙon Gidan Ɗalibai a Damagaram

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ƙungiyar ƴan garinmu ta ɗora ka a kan gidan da take saukar da yaranmu masu karatu a Jami'ar André Salifou, gida mai ɗaki 6, kuma tun ba a je ko'ina ba dattawa sun fara turo maka ƴaƴansu. Tambayarka ita ce ko al'ada ta yarda mai masauki ya ce babu wuri, kuma a hannun wa kuɗin gida za su zauna.

Al'adar da kake jin nauyin saɓawa tana nan daram. Damagaram garin fatake ne da almajirai. A da, a unguwar Zango ayari yake sauka, fatoma ya ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Amma ka lura, ɗakin gidansa fatoma yake bayarwa. Kai kuwa da kuɗin jama'a ake biyan hayar gidan nan, riƙo kawai aka ba ka, kuma ba a yin karamci da abin amana.

Saboda haka kafin a koma karatu, ku zauna da kwamiti ku rubuta wanda ake fara ɗauka: maraya, wanda ba shi da kowa a gari, wanda bai samu ɗaki a gidajen kwanan jami'a ba, da wanda ba ya karɓar tallafin karatu na gwamnati. Ku liƙa sunayen a zaure kowa ya gani. In aka zo kan sunan ƙaninka ko ɗan gidanku, ka tashi ka fita, sauran su yanke. Idan dattijo ya aiko yaro bayan gida ya cika, kada ka ba shi amsa ta waya. Taka ka je, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nuna masa takardar, ka sa yaron a jerin masu jira, sannan ka yi cigiyar masauki a wajen ƴan garinmu da ke Birni ko Sabon Gari. Abin da al'ada ta hana shi ne a bar baƙo a titi da jakarsa; ba ta ce a cusa shi inda babu wuri ba.

Ɗaki mai mita 4 tsawo da faɗi, mutum 4 ya ishe shi, wato gidanka na mutum 24 ne. Za a ce maka ai tabarma ce kawai za a ƙara. Ba tabarma ba ce kawai. Daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso a ɗaki marar iska shi yake so. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, asibiti za a kai shi a take, ba a jiran gari ya waye. Masai ɗaya ba ya isar wa mutum 24, a samu biyu, kuma a kwashe kafin damina.

Sai ruwa, wanda kowa ya san halin garin nan a kansa. Ka lissafa lita 20 ga kowane yaro a rana, ya zama lita 480, kusan bido 20 masu lita 25. Ka nemi tanki mai ɗaukar lita 1,500, ruwan kwana 3 ke nan. Daga Maris zuwa Mayu famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, in ya kawo ma sai tsakar dare, don haka a raba kwanakin tsaron famfo ɗaki-ɗaki, a kuma ware kuɗin ƴan garuwa tun farkon shekara. Yawancin faɗan irin wannan gida a bakin randa yake farawa.

Game da kuɗi, maganata ɗaya ce: kada su kwana a aljihunka, ko dala ɗaya. Akwai ma'aji. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum 3 su ajiye sa hannu, kada a fitar da komai sai 2 sun sa. Wannan yana buƙatar ƙungiya ta yi rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, to in ba a yi ba, da shi za ka fara. Duk wanda ya ba da gudummawa, ko buhun hatsi ne, a rubuta masa rasit. Zakka a shafinta daban, domin tana da waɗanda shari'a ta ce a ba. Ku tuntuɓi malami kafin ku taɓa ta. A ajiye hayar wata 3 wadda ba a taɓawa, saboda masu alkawari sukan yi jinkiri, mai gida kuwa ba ya jira. Kowane ƙarshen wata ma'aji ya karanta shige da fice a gaban yara, har takardar wutar NIGELEC a nuna musu. Mutumin kirki ma, in babu rubutu, zargi yana iya kama shi.

Yarjejeniyar haya a rubuce take, da shaidu biyu, a faɗi wanda gyaran rufi da indararo yake kansa, a kuma gama gyaran kafin Yuni. Ka kai kanka wajen mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa tun kafin wani abu ya faru, ka bar musu lambarka. In za ku sauki ƴan mata, gidansu daban, da dattijuwa mai kwana a ciki.

Yaron da ya yi laifi, ka fara yi masa magana ku biyu, na biyu a gaban kwamiti, na uku a kira waliyyinsa. Kora ba taka kai kaɗai ba ce, kuma a guje mata a tsakiyar jarrabawa sai in zamansa ya zama haɗari ga sauran.

Ka roƙi kwamiti su yanke maka wa'adi, shekara 2 ta isa, kuma tun yanzu ka jawo mataimakinka ya san inda kowace takarda take. In ka rubuta sharuɗɗan ɗaukar yaran, aiko mini in duba kafin ku liƙa. Ka gaida mutanen gida.